Katin da aka juya wa ɗiyar ƙanena

Ina koyarwa a firamare a Bagega lokacin da wani jami'in wata ƙungiya ya zo mana daga birni, da takalmi mai ƙyalli da tarin kati a jaka. Kowane kati da baƙin zane, gefensa huɗu, amsa huɗu. Malami zai yi tambaya, yaro ya juya gefen da ya zaɓa sama ya ɗaga, shi kuma ya haska ajin da waya, nan take ta nuna wanda ya gane. Yana bayani yana lumshe ido, sai ka ce shi ya ƙirƙiro karatu. Tun daga nan ya fita a raina.

A ajina akwai yaran da gubar dalma ta taɓa tun suna goye, har da ɗiyar ƙanena. Magana takan daɗe kafin ta zauna mata. Saboda irinsu aka ba mu ajin bayan la'asar, kuma a nan ta fara haɗa baƙi da wasali.

Yaran garinmu kuwa sun tashi da wata al'ada: ba a barin irin waɗannan su ji kunya a gaban baƙo. A gida iyaye suke kwaɓarsu a kan haka. Ko aike ne, na kusa da su ke amsawa. Don haka da aka yi tambaya, na ga hannaye a ƙarƙashin benci suna juya wa na kusa kati. Waya ta yi kore tas, wai kowa ya gane.

Na ce, "Ranka ya daɗe, juya musu aka yi."

Ko kallona bai yi ba. Ya ce, "Malam, na'ura ba ta son kai." Ya ɗauki hoto da yara, ya goge takalminsa da hankici, ya shige mota. Mutumin da bai tambayi sunan yaro ko ɗaya ba, shi ya rubuta cewa ajina ba ya bukatar ƙarin darasi. Aka rufe ajin la'asar, aka mayar da malamar da ke taimaka mini Gummi. Har yau in na tuna shi sai na yi tsaki.

Bayan an rufe, na dawo daga masallaci na tarar da ɗiyar ƙanen nawa zaune a ƙofar ajin, an garƙame ƙofar da kwaɗo.

Na ce, "Tashi mu tafi gida wurin Inna, an daina."

Ta daɗe tana kallona, yadda ta saba. Sannan ta ce, "Baffa, wai sun ce na iya. To mi na iya?"