Masarar da Baba Ya Raba wa Unguwa

Har yau in na tuna shekarar nan sai raina ya ɓaci, kuma rabin haushin kaina nake ji, don ni na kawo irin masarar gidanmu da hannuna.

Ƙauyenmu yana ƙasar Doguwa, ni kuwa ina koyarwa a wata firamare a Tudun Wada, sai ƙarshen mako nake leƙawa gida. Gonar da kakanmu ya bari an raba ta gado, abin da ya zo hannun Baba bai taka kara ya karya ba. Masu ci kuwa kullum ƙaruwa suke yi: Baba da Inna, ƙannena biyu da matansu, ga jikoki da ni kaina sai na tsaya na tuna sunayensu. Damuwar gidan guda ɗaya ce kowace shekara, masarar da aka girbe ta kai mu wata kakar ba tare da an je awo kasuwa ba. Baba ya haura saba'in bai taɓa auno masara ba, kuma yana faɗin haka ko ba a tambaye shi ba.

Wani malamin gona, abokina, shi ya nuna mini ingantaccen iri da ake sayarwa a leda, an shafa masa jan magani. Na sayo leda biyu. Baba ya juya ƙwayar a tafin hannunsa, ya ce wannan masara ce ko jan baki? Da ƙyar da roƙo ya bar mini rabin gona. Allah kuwa ya ba da damina mai kyau. Kai! Masara ta tashi kai ɗaya, goyo manya manya, masu wucewa har tsayar da babur suke yi su kalla. Baba, wanda ya gama kushe ta, shi ya koma yana zagayawa da baƙi yana cewa ai tun farko ya ga alamarta.

Ranar da ake ɓare ta na durƙusa gabansa na ce, "Baba, Allah ya ƙara maka lafiya, wannan irin sau ɗaya ake shuka shi. Abin da ya haifa na ci ne. Baɗi sai an sayo sabo."

Ya dube ni kamar na yi saɓo. "Wace irin masara ce 'yarta ba ta gadonta? Masu shago sun tsara ka, malamin makaranta. So suke kowace shekara ka koma musu."

Na yi bayani har bakina ya bushe. Ya ce, "To, na ji." Duk wanda ya san Baba ya san in ya faɗi haka, magana ta mutu, kuma ba yadda kake so ba.

A wajenmu, da kaka manomi yakan zaɓi kawunan masara mafiya kyau, ya ɗaure su bibbiyu da ɓawonsu, ya rataye a madafa inda hayaƙi zai hana ƙwari ci. Shi ne irin baɗi. Haka Baba ya yi da kawunan sabuwar masarar nan, madafa ta cika har Inna tana mita wai ba ta iya miƙewa tsaye. Sannan iri ba a hana maƙwabci, ba a kuma sayar masa. Unguwa duk ta ga abin da gonarmu ta yi, sai mutane suka dinga sallama da kwanukansu. Baba yana zuba musu yana murmushi, suna sa masa albarka.

Ga inda laifina yake. Ina gani, na san abin da zai biyo baya, amma ban bi gida gida na ce kada su shuka ba. Ta yaya zan ƙaryata ubana a gaban sa'o'insa? Na ja bakina na yi shiru, na ce aƙalla zan ceci gonarmu. Kafin ruwa ya sauka na sayo sababbin ledoji na kawo. Baba ya karɓa da hannu biyu, ya yi mini addu'a. Ruwan shuka ya sauka ranar Talata ina aji. Da na iso Asabar an gama shuke gonar kaf da ta madafa, ledojina kuwa suna ƙarƙashin gadonsa ko ɓula su bai yi ba. Wallahi ranar har hawaye na yi don takaici.

Masarar ba ta mutu ba, da ma ta mutu da wuri a sake shuka. Ta fito, ta ci takinmu tas, sannan ta nuna halinta. Wata doguwa, wata iya ƙugu, wata ta yi goyo wata ko alama. Ka ɓare kai ka tarar da giɓi kamar bakin tsoho. Baba ya ce ruwa ne, ya ce takin bana ne ba shi da kyau. Amma duk gonar da ta karɓi irinsa haka ta yi, kuma shi ma yana da ido.

Ba wanda ya zo ya yi masa ƙorafi. Shi ne ya kasa zama. Akwai wata dattijuwa bayan gidanmu, matar amininsa da ya rasu, tana riƙe da marayu, ta shuke 'yar gonarta duka da irin nan. Baba ya sa aka kai mata buhu biyu daga ɗan abin da muka samu. Ya aika wa wani gidan, ya kuma aika wa wani. Da na ji sai na kasa haɗiyewa.

"Haba Baba! Namu ma ba zai kai ba, kana rabawa? Jikokinka me za su ci?"

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Daga hannuna ya fita."

Ana tsakiyar damina ta gaba, sabuwar masara ko goyo ba ta fara ba, Inna ta kakkaɓe buhun ƙarshe. Baba ya kira ni zaure, ya jira har ƙannena suka fita. Bai kalle ni ba, carbinsa yake kallo.

"In ka koma Tudun Wada ka auno mana a can. Kada ka auna a kasuwarmu. Ka zuba a buhun taki, ka ɗaure bakin da kyau."

Na ce to. Na auno, na ɗauro a bayan babur, mutane suna yi mini sannu da ɗawainiyar taki ina amsawa. Inna ta kai niƙa, ta tuƙa tuwo, aka ajiye masa kwanonsa bayan la'asar. Ya buɗe, ya daɗe yana kallonsa. Ya yi loma biyu, ya tura wa jikokinsa, ya ce ya ƙoshi.