Anti Morenike da Jan Layin Aba

Shekara shida na yi ina zaune kusa da Anti Morenike Ajibade a ofishinmu na Yaba a Legas, kuma wallahi ban taɓa ganin mace mai taurin kai irinta ba. 'Yar mai sayar da kifi ce daga Epe. Sai da ta haifi 'ya'ya biyu sannan ta koyi rubuta manhaja, shi ya sa ba ta ɗaukar raini daga samarin da suka fito jami'a jiya. Da silifas take zuwa aiki, kuma ƙarfe ɗaya na yi za ta tafi cin amala ko sama da ƙasa za su haɗe.

Kamfaninmu yana haɗa asibitoci da wuraren ajiyar jini. Likita ya tura buƙata, saƙon ya bi ta na'urorinmu da ke Legas, Ibadan, Benin da Aba. Aikin Anti shi ne saka ma'auni a cikin kowace na'ura: saƙo nawa ya shigo, nawa ya fita, minti nawa ya jira. Duk minti ɗaya alƙaluman su fito a babban allon da ke bango.

Kafin zuwanta, allon lamba ɗaya yake nunawa, a haɗa jiran kowa da kowa a raba. Kullum kore shar. Ita ce ta ce ba ta yarda ba. Ta raba shi gari-gari, kuma cikin kowane saƙo ɗari ta ciro wanda ya fi daɗewa a layi, ta ce shi za mu riƙa kallo. A bara na'urar Aba ta fara ciwo, layinta a allon ya koma ja: wani saƙon sai ya yi minti arba'in kafin ya isa.

Ranar wata Laraba shugabanmu, Oga Chidubem, ya tsaya a kanta. Masu tallafa mana za su zo ran Juma'a.

"Anti, ki mayar mana da allon yadda yake da. Kwana biyu kawai."

"Oga, ka gyara Aba, jan zai tafi da ƙafarsa."

"Ai lambar da ma ba ƙarya ba ce!"

"Je ka faɗa wa matar da jini ke zuba a jikinta cewa in an haɗa an raba, minti biyu ta jira."

Ya ce ko ta cire jan ko ta ajiye katin shiga ofis. Ta zare katin daga wuyanta ta ɗora masa a kan kwamfuta, ta ɗauki jakarta, ta ce mana sai an jima. Raina ya ɓaci, amma ban ce uffan ba, kuma har yau ina jin kunyar hakan.

Washegari Oga ya zauna ya rubuta gyaran da kansa. To, a aikinmu ba gyaran da ke shiga sai mutum na biyu ya karanta ya danna amincewa, ko da kai ne mai kamfanin. Ni ya fara zo wa.

"Danna min wannan, layi huɗu ne."

Na karanta layi huɗun nan a hankali kamar takardar gado. Na ce, "Oga, ni ban gane shi ba."

"Kai ne ba ka gane ba?"

"Kaina ya toshe yau."

Ya wuce wurin Ifeoma, ta ce ido ke damunta. Tejumade ya ce shi sabo ne, alhali shekararsa uku. Mu bakwai ya zagaya, har da wanda ba ya ga maciji da Anti, bai samu yatsa ɗaya ba.

Baƙi suka zo suka tarar da Aba ja wur. Sun yi tambayoyi, Oga ya sha gumi, mako uku bayan nan aka sauya na'urar. Anti kuwa ba wanda ya kira ta ya ce ta dawo. Wata biyar ta yi a gida kafin ta samu wani aikin a Ikeja, ƙarami, ba kamar namu ba.

Da na kira ta zan ba ta haƙurin shirun da na yi, ba ta bari na kai ƙarshe ba.

"Bar wannan," in ji ta. "Aba minti nawa yanzu?"

Na ɗaga kai na duba allo. Na ce mata uku.

"Uku ma ya yi yawa. Ku ci gaba da kallo."