Daƙiƙun da na ƙara wa Baba

Shekarun baya, lokacin da nake ji da kaina a harkar gina shafukan intanet, ƙungiyar telolin Chanchaga ta ba ni aikin shafin da za su zaɓi shugabanninsu. Ni da abokina na Bosso muka haɗa shi. Mutum zai sa lambar wayarsa, a turo masa lambar sirri, ya shigar da ita cikin daƙiƙa talatin, sannan ya kaɗa ƙuri'a. In lokacin ya wuce, lambar ta mutu.

Mahaifina ɗan ƙungiyar ne tun kafin a haife ni. A lokacin aikin nan hannunsa ya fara rawa, ko zare sai an sa masa a allura. Ranar gwaji na tsaya a bayansa. Kafin ya gyara tabarau, ya karanta lambar, ya lallaɓa yatsa kan wayar, shafin ya ce lokaci ya ƙare. Ya sake gwadawa, haka dai. Na miƙa hannu na ce, "Baba, kawo in danna maka."

Ya janye wayar. "Ƙuri'ata ce ko taka? In ba zan iya da hannuna ba, na haƙura da zaɓen."

Wallahi maganar nan ta soke ni.

Na kira abokina. Ya ce, "Kai, talatin ake yi ko'ina saboda tsaro. In ka matsa, ka ƙara wa lambar Baba kaɗai."

Na ce, "Ko'inan nan samari irinmu ne suka tsara shi. Kowa zan ƙara wa, abin da ya biyo baya a wuyana."

Aikin layi ɗaya ne a JavaScript, harshen kwamfuta da muka rubuta shafin da shi: ka ɗauki lokacin da aka tura lambar, ka ɗora masa daƙiƙun da kake so, shi ne lokacin mutuwarta. Da rawar kaina na ɗora casa'in, na gwada, ko gezau. Ashe gwanin naku ya manta kwamfuta gida dubu take raba kowace daƙiƙa, ko ƙiftawar ido ban ƙara ba! Na ninka da dubu, abu ya zauna daram.

Ranar zaɓe Baba ya zauna a bakin shagonsa, ya danna lambobin ɗaya bayan ɗaya, ƙuri'a ta shiga. Maimakon murna sai ya ɗago ya harare ni.

"Don ni ka sassauta abin nan?"

"Kowa na ƙara wa, Baba."

Bai yarda ba, na ga haka a fuskarsa. Sai ga maƙwabcinsa, wani dattijon tela ɗan Bida, ya leƙo yana ɗaga waya. "Alhaji, yau ta karɓa! Ranar gwaji ƙina ta yi, kunya ta hana ni faɗa wa kowa."

Baba ya bushe da dariya, ya ce, "Ashe mu biyu ne."

Har yau in zan sa wa shafi wa'adi, ba da saurin yatsuna nake auna shi ba. Zaɓen nan shi ne na ƙarshe da Baba ya gani, Allah ya ji ƙansa, kuma babu wanda ya danna masa.