Mun Je Kasuwar Kirsimeti Kafin Ta Ci

Ana kiran assalatu muka fito daga gidanmu na Al Muntazah, ni da uwargida da 'yarmu mai shekara tara, kwana biyu da kammala gasar cin kofin duniya. Titunan Doha da suka yi wata guda ba su runtsa ba, ranar sun yi tsit, sai tutocin ƙasashe da ba a kai ga saukewa ba. Wani ɗan'uwanmu direba, Bakano, shi ya kai mu filin jirgi. Da ya ɗaga akwatinmu ya ji nauyi sai ya ce, "Malam, kwana huɗu za ku yi ko hijira?" Na ce masa rigunan sanyi ne. Ya ce, "Yalla, mu je, Allah Ya kiyaye hanya. A taho mini da ƙanƙara a leda."

Bari in faɗi abin da ya fitar da mu, don masu bibiyata sun san ni ba mai yawon buɗe ido ba ne. Uwargida 'yar Jos ce. Mahaifiyarta, wadda duk muke kira Inna, ta rasu cikin azumin shekarar da korona ta rufe duniya. Ba jirgi, ba hanya. A waya ta ji, a waya ta karɓi gaisuwa. Da aka buɗe hanya na ce mu jira a sassauta killace matafiya, kada in tafi in rasa aikina. Da aka sassauta sai aikin gasa ya taso, ni kuma a kamfanin motocin bas nake tsara zirga-zirgar direbobi, aka ce ba hutu sai an gama. Haka na yi ta cewa baɗi, har shekara biyu da rabi ba ta taka gidansu ba. Tana girki, tana kai yarinya makaranta, amma ta daina hira, ta daina ambaton Inna ko da wasa.

Ana saura 'yan kwanaki a fara gasa, tana ninke wanki, ta ce da ni, "Malam, in an gama ƙwallon nan ni da yarinyar nan za mu koma gida mu zauna. Ba fushi nake yi ba. Na gaji ne." Na san in ta tafi da wannan zuciyar, zaman Doha ya ƙare mata, ni kuma na koma cin abinci a tsaye kamar gwauro.

Sai na tuna wata rana a wani babban kanti da ke Al Rayyan, ta tsaya gaban bishiyar Kirsimeti da aka yi wa ado, ta ce a hankali, "Disambar Jos." Kalma biyu kaɗai. Ni kuma da wayona sai na ce to, sanyi take kewa, da fitilu, da hayaniyar ƙarshen shekara. Hutun da aka ba ni kwana biyar ne, ba zai kai mu Najeriya mu dawo ba. Na ce bari in nemo mata Disamba a kusa.

Na yi mako biyu ina zaɓe. A bayan wata tsohuwar takardar jadawalin bas na jera garuruwa da ajami, yadda na saba rubuta abin da ba na so abokan aiki su leƙa. Kowane gari na auna shi da abu huɗu: biza, abincin halal, masallaci, da nisan tafiya. Garuruwan Jamus da Ostiriya su suka fi kyau a hoto, amma neman bizarsu kaɗai sai ya cinye Disambar. Wani abokin aikina ya ce mai katin zaman Qatar yana shiga Jojiya ba biza a lokacin, kuma jirgi awa uku ne. Na duba hotunan Tbilisi, babban birninsu, na ga rumfunan katako da fitilu kamar an zubo taurari. Na yi istihara, na yanki tikiti na makon da ke kafin ashirin da biyar ga Disamba, don na ji an ce lokacin kasuwannin nan suka fi cika. Abokin nawa ya ce, "Malam, kai da Kirsimeti?" Na ce ibadarsu tasu ce, tawa tawa ce, kallon kasuwa kuma ba a hana baƙo.

Mun sauka da hantsi. Sanyin da ya tare mu a ƙofar filin jirgi ba mai iska ba ne, mai shiga ƙashi ne a hankali. Yarinya ta yi ta hura baki tana kallon tururi. Ƙanƙara kam babu, sai can bisa duwatsu masu nisa. Direban tasi ya yi ta yi mana bayani da harshensu tun daga filin jirgi har cikin gari, ni kuma ina gyaɗa kai, ya zaci muna fahimtar juna.

Masaukinmu a tsohon gari yake, gidan yawa ne sosai: tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya a tsakiya, baranda ta katako ta kewaye sama, igiyoyin shanya sun ratsa daga wannan ɗaki zuwa wancan. Mai masaukin wata tsohuwa ce gajera mai baƙin ɗankwali, tana zaune a ƙasa, mu a sama. Ba ta jin Turanci, ba ta jin Larabci. Ta ba mu mabuɗi, ta nuna mana yadda ake kunna murhun gas, ta shafa kan yarinya, ta sauka tana riƙe ƙarfen bene.

Bayan la'asar na ce su shirya, mu tafi abin da ya kawo mu. Na sa su gaba ina bin taswirar waya, ina jin kaina kamar madugu. Muka isa dandalin. Rumfunan katako suna nan kamar yadda na gani a hoto, sai dai rabinsu ba rufi, sauran a kulle. Maza sanye da manyan riguna suna buga ƙusa, wani yana kan tsani yana warware wayar fitilu da ta harɗe. Ba mai saye, ba mai sayarwa.

Yarinya ta ce, "Abba, ita ce kasuwar?"

Na tari mai tsanin, na rubuta tambaya a waya ta fassara masa. Ya karanta, ya yi dariya, ya karɓi wayar ya rubuta amsa. Su a ƙasarsu cocinsu tsohuwar kalanda yake bi, Kirsimetinsu sai bakwai ga Janairu. Kasuwa kuwa ƙarshen mako za ta buɗe. Na ƙirga da yatsu, ranar ta faɗo washegarin komawarmu.

Uwargida ta dube ni, ta ce, "Malam, kai da kake gyara wa mutane kwanan wata tun daga Muharram har Zulhajji, na mutanen nan ne ya gagare ka?" Ba ta yi dariya ba, amma rabon da ta zolaye ni har na manta. Na karɓi wayata na sa a aljihu.

Kwana biyun da suka biyo baya muka yi ta yawo don kada kuɗin jirgi ya tafi a banza. Gari ba ya wayewa sai wajen ƙarfe takwas, mutum ya yi sallar asuba ya yi wuridi har ya gaji rana ba ta fito ba. Mun yi azahar a wani masallaci na jan bulo da ke kan tudu, kusa da gidajen wanka masu ƙubba da ruwansu ke fitowa da zafi daga ƙasa yana warin ƙwai. Mun hau wani keken waya da ke ratsa saman kogi, yarinya tana ihu, ni ina salati. Burodinsu a tanderu ake manna shi kamar gurasar Kano, dogo mai tsini biyu, kuma da araha, sai ka saya da canjin aljihu. Nama dai sai a gidajen abincin Turkawa muke ci. A bakin titi ana rataye wani abu kamar kyandir, ashe gyaɗar ƙasarsu ce aka tsire a zare aka tsoma cikin kunun inabi. Sai da na tambayi mutum uku ko da giya a ciki kafin na yarda aka saya. Karnukan gari kuwa manya ne masu ladabi, kowanne da alama a kunne, suna kwance ƙofar shaguna kamar masu gadi. Duk wannan uwargida tana biye da mu, hannu cikin aljihu, in an ce duba sai ta duba. Ni kuma ina ƙirga kwanaki, ina tunanin akwatin da za ta haɗa in mun koma.

Ana gobe za mu tafi, da hantsi, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Tsohuwar nan ce ta hauro benen da kanta, riƙe da kwanon tangaran an rufe da ƙyalle. A ciki wata alewa ce ta gyaɗarsu da zuma, an yanka kamar kantu, irin wadda suke yi don sabuwar shekara. Ta miƙa wa uwargida, ta faɗi abin da ba mu ji ba, ta juya.

Muka ci, yarinya har da lashe yatsa. Na ɗauki kwanon na ɗauraye, na nufi ƙofa.

Uwargida ta ce, "Ina za ka da shi?"

"Mayarwa zan yi."

"Haka? Ba komai a ciki? Malam, a ina aka rene ka?"

Ta karɓe kwanon, ta aike ni shago: fulawa, sukari, madara, bota, ƙwai, man suya. Gyaɗar ƙamshi ce ta ba ni wuya, sai da na nuna hoto. Da na dawo na tarar ta tuɓe rigar sanyi ta ɗaura zani. Ta kwaɓa, ta murza da kwalbar ruwa, ta ba yarinya wuƙar tebur tana koya mata yanka cincin ƙanana. Ƙamshi ya cika ɗakin, ya fita baranda.

Tana juya cincin a mai, ba ta dube ni ba, ta fara magana. Ta ce a unguwarsu katanga ɗaya ta raba gidan Inna da na wata Kirista, Mama Saratu. Akwai wani kwanon samira mai murfi, mai zanen jan fure, wanda ba wanda ya san ainihin mai shi. Ran Kirsimeti yakan zo gidansu da shinkafa da kaza, kazar ma sai an kira malamin unguwa ya yanka saboda su. Inna ba ta mayar da shi a ranar. Sai ta wanke ta ɗora kan kabad, sai ƙaramar Sallah ya koma da cincin da tuwon Sallah. Shekara talatin kwanon nan yana ƙetare katanga sau biyu a shekara, har shekarun da gari ya rikice aka daina shiga unguwar juna, ta saman katanga ake miƙa shi.

Mai yana ta ƙara. Ta ce, "Inna ta rasu saura kwana tara Sallah. Kwanon yana ɗakinta, Malam. Yana kan kabad. Ba wanda zai tuna sai ni."

Nan ta yi kukan da ba ta yi ba a waya. Na rage wutar murhu, na kwashe cincin da kaina kada ya ƙone, na zauna kusa da ita. Yarinya ta tambayi yadda Inna take yanka nata, uwar ta share ido ta nuna mata.

Tare muka sauka mu uku. Tsohuwar ta buɗe ƙyallen, ta ɗauki ɗaya ta tauna da sauran haƙoranta, ta kama fuskar uwargida da hannu biyu ta sumbaci goshinta. Ta zaunar da mu ta dafa shayi. Mun fi awa ɗaya, ita tana nata harshen, uwargida tana Hausa, ban ga sun nemi wayata ba.

Washegari a hanyar filin jirgi muka bi ta dandalin. An gama rufin rumfuna, ana jera kaya, ana gwada fitilu da rana tsaka. Yarinya ta manna fuska a gilashi har muka wuce.

Mun sauka Doha bayan magariba, Bakanon nan yana jiranmu. Ya ce, "Ina ƙanƙarata?" Uwargida ta miƙa masa ragowar cincin a leda.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa. Mai zaɓen kasuwar Kirsimeti ya fara tambayar ranar da mutanen garin suke nasu bikin, kafin ya kalli hoto. Na biyu ya fi wannan nauyi: na yi mako biyu ina auna garuruwan mutane da ajami, ban ɗauki minti biyu na tambayi matar da ke ɗakina me take nufi da Disambar Jos ba. Allah Ya gafarta mana, Ya jiƙan Inna.

Da safe na shirya zan fita aiki, ta biyo ni bakin ƙofa. Ta ce, "Ka nemi hutun ƙaramar Sallah tun yau, kada ka ce mini baɗi. Zan soya cincin a ɗakin Inna, in kai wa Mama Saratu kwanonta."

Na ce, "In sha Allahu. Tikitin fa, wane iri zan yanka?"

Ta gyara mini wuyan riga, ta ce, "Na zuwa da dawowa. Mu uku."