Kunyar da Ta Kusa Cinye Ni

Edita, a lokacin ina 'yar shekara goma sha huɗu, 'yar Fulanin garin Sara mai shegen son sanin komai. A shekarun da kuɗin fetur ya cika titi da motoci aka kai ni wurin Goggona a Birnin Kudu don in yi boko. Kewar Inna da shanunmu ta danne ni, amma a gidanmu ba a faɗin irin wannan. Yarinyar kirki ba ta kuka, ba ta kuma cin abinci a gaban mutane.

Kullum da yamma ni ke kai furar Goggo tasha. Nan na ga direbobi suna jefa wata 'yar ƙwaya a baki su kora da fura, sai gajiya ta bar su. Na dami wani mai tireda da tambaya har ya miƙo mini ɗaya, ya ce barci kawai take hanawa. Ni dai so nake in ji abin da suke ji. Ranar na yi shara da wanki, ban ji yunwa ba, ban ko tuna gida ba. Daga nan kullum sai na sha.

Abin da har yau yake ɗaure mini kai shi ne yabon da na samu. In na ture kwanon tuwo, sai Goggo ta shaida wa maƙwabta cewa ga Bafulatanar asali, kunya kamar uwarta. Yabon ya yi mini daɗi, na ƙara rage loma. In ƙwayar ta sake ni kuwa, bayan ɗaki nake laɓewa, ina jin duniya ta ishe ni. Ranar da Inna ta zo ganina, ta kama hannuna, sai warwaron da ta saka mini da sabulu don matsewa ya zame ya faɗi ƙasa. Goya ni ta yi zuwa asibiti. A can wata nas ta tambaye ni abin da ke damuna, tambayar da ba wanda ya taɓa yi mini. Na buɗe baki, kuka ya riga magana fitowa.

Na warke da ƙyar, kuma na yi nadamar wannan ɗanɗanon. Iyaye, don Allah ku duba da kyau kafin ku kira shirun yarinya kunya. Ni yanzu in jikata ta ture kwano, ba na yabonta. Zama nake kusa da ita in tambaye ta abin da ke damunta.