Kawu Mamman da Shiƙar Labari

Shekara ashirin da shida ke nan da rasuwar Kawu Mamman, ƙanen mahaifiyata kuma malamina. Na ƙirga da kaina, na sake ƙirgawa, sannan na aika aka tambayo ƴarsa Hajiya Rabi, don ba na son in fara maganar mamaci da kuskure. Ta ce haka ne, ta kuma ce in daina wahalar da mutane.

Zamanin Faransawa Kawu yake koyarwa a lakwal ta Dakoro, ina zaune gidansa. A gida Kawu ne, a aji kuwa Malam, kuma ban taɓa haɗa su ba. Mu ƴan ajin ƙarshe ba ƙananan yara ba ne. An makara wajen ɗaukarmu, har wasunmu sun fara gemu. Rabinmu ƴaƴan manoma ne daga wajejen Birnin Lalle da Mai Yara, sauran ƴaƴan makiyaya ne daga arewa. Cikin aji an hana Hausa. Amma Alhamis ba a karatu a lokacin, sai Kawu ya riƙa tara mu da hantsi a inuwar aduwa bayan lakwal, ya karanta mana gajeren labari da Faransanci, mu tattauna shi da harshenmu. Kullum ina tsoron kada a ce mun karya doka. Ba wanda ya taɓa cewa kome.

Abokin zamana a benci Agali ne, ɗan makiyaya daga Bader Goula. Shi ke raba cukunsa biyu ya ba ni, ni ke duba masa rubutu. Ba ni da wani aboki sai shi, domin mai yawan fargaba bai cika samun abokai ba.

Wata Alhamis Kawu ya karanta mana labarin wani tsoho a ƙasar sanyi. Kullum da safe wani mutum yana ratsa gonarsa, tsohon yana jin haushi, har ya kafa shinge. Mutumin ya sake hanya. Sai tsohon ya ga kowace safiya yana tsaye bakin taga yana duban inda mutumin ke ɓullowa. Daga ƙarshe ya fita ya tumɓuke shingen da hannunsa. Kawu ya rufe littafi ya ce mu faɗi abin da labarin ke magana a kai.

Kakar da ta wuce kafin nan an yi rigimar ɓarnar gona a yankinmu, zukata ba su huce ba. Nomau, babbanmu a aji, ya ce labarin ɓarna ne, tsohon ya ga ana tattake mishi shuka, da ya bar shingensa. Agali ya miƙe ya ce labarin toshe burtali ne, hanyar da dabbobi ke bi, kuma tsohon ya gane laifinsa. Nomau ya ce, “To, masu bin wutsiyar shanu sun fara wa'azi.” Agali ya ce, “Gara mu, ku da kun ga tsiro uku sai ku ce duniya taku ce.” Nomau ya juyo gare ni, ya ce, “Sani, kai ɗan manomi ne. Shanu na ɓarna ko ba su yi?” Na ce suna yi. Kalma biyu ce, amma Agali ya dube ni, ya ɗauki kayensa ya tafi. Washegari ya koma bencin baya.

Makon nan abinci bai shiga mini ba. Na roƙi Kawu a gida ya sa baki, ya ce, “Ni malamin karatu ne, ba alƙali ba. Ga littafin, je ka sake karantawa.” Na karanta sau bakwai. Abin da na gano ya ba ni tsoro, har na yi zaton shafi ne ya ɓalle, na bi lambobin shafukan ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya ɓace.

Da Alhamis ta zagayo, Kawu ya tambayi wanda ya sake karantawa. Na ɗaga hannu, na ce, “Malam, babu saniya a cikin labarin. Ko akuya babu.” Kawu ya yi dariya har ya cire tabarau yana share ido. Ya ce, “Mako guda kuna faɗa kan shanun da ku kuka koro su cikin littafi. To yau za mu yi shiƙa.”

Ranar na fara ganin dabararsa. Ya ce labari kamar hatsi ne da aka sussuke, sai an shiƙe ƙaiƙayi ake ganin tsaba. Za mu riƙa cire abu ɗaya ɗaya, mu ga ko labarin zai tsaya. Ya ce a cire sanyin, a kawo tsohon Dakoro. Muka ce labari na nan. A cire gonar, a ce ta tsakar gidansa mutumin ke bi. Nomau ya yi gunaguni, amma ya yarda labari na nan. A cire shingen, a ce ƙofa ya rufe. Yana nan. Sai Kawu ya ce, “A cire tsayuwar bakin taga. Mi ya rage?”

Daga bencin baya muka ji muryar Agali. Ya ce, “Ba abin da ya rage, Malam. Tsohon ba shi da kowa. Mu da ke kwana daji mun san abin nan, mutum ya dame ka da surutu ka kore shi, ya tafi kuma ka yini kana duban hanya.” Kawu ya ce in maimaita da Faransanci a jimla ɗaya. Faransancin ya gudu ya bar ni. Abin da ya fito daga bakina shi ne, “Malam, ni ma mako guda ke nan ina duban hanya.” Aji ya kwashe da dariya, har Nomau. Wani abu ya bugi ƙeyata, na duba, ɓarin cuku ne. Agali ya ce, “Ci, matsoraci, ka rame kamar kara. Da ka zo tun Jumma'a ai da an wuce wurin.”

Yanzu jikata Hadiza na lise, babbar sakandare. Kwanan baya ta zo da takarda an jera mata jigogin labarai tana haddacewa don jarrabawa. Ina tambayar kaina mi Kawu zai ce. Na tabbata zai yi murna da ganin ƴan mata cike da aji, domin a zamaninmu benci ɗaya ya ishe su. Haddar kuwa ina jin zai girgiza kai, ko da yake ba na son in sa magana a bakin wanda ba ya nan. Ni karatuna bai wuce firamare ba, na yi ta jinkiri kada in rikita mata abin da malamanta suka koya mata. Daga baya na ce ta ba ni labari ɗaya mu shiƙe shi. Ta riga ni ganin tsabar, kuma ta ce wadda ke cikin takardar ba ta cika ba. Na ce ta rubuta duka biyun, don kada a rage mata maki.

Kawu bai bar littafi ba, bai bar gidan siminti ba. Lakwal ɗin ma an rushe an sake gini. Na daɗe ina damuwa ko mun riƙe wani abu nasa yadda ya kamata, sai na duba Agali. Ya tsufa, kuma shi ake kira in manomi da makiyayi sun saɓa a wajensu. Yakan sa kowa ya ba da labarinsa, ya yi ta cire zagi da tsohuwar gaba da maganar kakanni, har a ga ainihin abin da ya haɗa su, wanda sau da yawa bai fi taki goma na gefen gona ba. Allah ya jiƙan Kawu Mamman, ya haskaka makwancinsa.

Kowace kaka, da an ɗauke hatsi, ƴaƴan Agali kan koro shanunsu su sauka gonata, su ci kara su bar mini taki. Bara ma sun zo. Bana inda suka kwana gero ya fi tsayin mutum.