Layin Ashirin a Sirinjin Shamsiyya

Amaren unguwarmu Shahuci na shekarun baya, duk wadda ƙunshinta ya burge ki, hannun Shamsiyya ne. Da sirinji marar allura take zana lalle, kuma hannunta ba ya rawa ko yara na kokawa a kanta. Katanga ɗaya ta raba mu, na san ta kamar yunwar cikina. Ga baki, ga alfahari. "Hasana," takan ce min, "ni layi ba ya kuɓuce min."

Da ciwon suga ya kama mijinta, Malam Sabo mai tabarmi a kasuwar Kurmi, ita ta karɓi yi masa allura. Sau ɗaya aka nuna mata a asibiti: sirinji mai jar hula, a ja ruwan zuwa layin ashirin, kafin karin kumallo. Shekara da shekaru ba ta saɓa ba.

Sai yayanta Alhaji Ashafa ya dawo daga Umara da tsaraba, har da kwalaben maganin suga cikin ƙanƙara. Murna wajen Shamsiyya ba a magana. "Maganin da ya kwana a Makka!" Washegari ta ja zuwa layin ashirin. Malam ya kurɓi koko ya fita. Kafin azahar aka shigo da shi a kan tabarmar da yake sayarwa, rigarsa sharkaf da gumi. Kowa ya ce kwana ne ya ƙare.

Ranar sadakar uku, 'yata Bushra, ma'aikaciyar jinya, ta hango kwalbar da sirinjin a cikin kabet ɗin Shamsiyya. Ta ja ni soro.

"Umma, tsohon maganinsa yunit arba'in ne a mililita ɗaya, shi aka yi wa sirinji mai jar hula. Na Makkan nan ɗari ne. Layin ashirin rabin mililita ne, Umma. Hamsin ta yi masa maimakon ashirin."

Na ce ta kama bakinta. Mace mai takaba za ki faɗa wa haka? Ko yau aka maimaita, abin da zan ce ke nan. Amma wallahi tun daga ranar, in na ji dariyar Shamsiyya ta katanga, jiƙaƙƙiyar rigar Malam nake gani. Ita kuwa ta bar kwalbar tsakanin kwanukanta tana goge mata ƙura, wai abu na ƙarshe da ya shiga jikin Malam mai albarka ne. Takan ce tana jin tarinsa a soro in azahar ta kusa.

Bana ciwon ya kama ɗanta Bashir. Shi ma likita ya ce ashirin, shi ma kawunsa Alhaji Ashafa ya kawo masa na Makka. Da safe ta ƙwala min kira: "Hasana, zo ki ga hannu bai manta ba!"

Na tarar da Bashir ya ɗaga riga. Ta farke ledar ragowar sirinjin Malam, sababbi fil, masu jar hula. Ta fara jan ruwan. Na damƙe hannunta.

"Ke, lafiyarki?"

Na faɗa mata abin da Bushra ta faɗa min, arba'in da ɗari, ashirin da hamsin. Sunan Malam bai fito daga bakina ba. Na yi fatan lissafin ya fi ƙarfinta. Ina! Matar da ta ƙare rayuwarta a kan layi?

Ta dubi kwalbar hannunta. Ta tashi ta buɗe kabet, ta ɗauko tsohuwar, ta jera su. Iri ɗaya.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun sadakar uku."

Ba ta yi kuka ba. Ta tura Bashir kemis ya sayo sirinjin mai ɗari. Da ya dawo ta karɓa za ta ja, allurar ta ƙi samun bakin kwalbar, sai ƙas-ƙas take a jikin gilashi.

Bushra ce ke yi wa Bashir allura yanzu. Amaren unguwarmu kuma unguwar Jakara suke zuwa ƙunshi.